Salah Jahin (1930–1986): Zambo da Alƙalamin Zane, Yabo da Waƙa

Gabatarwa

Wanda ya taso daga Nima ko Maamobi ya gangara tsakiyar birnin Accra zai iya bin wani titi mai ɗauke da sunan Jamal Abdul Nasir, shugaban ƙasar Masar daga 1956 zuwa 1970. Sunan titin shaida ne na wani zamani da Accra da Alƙahira suka ɗauki kansu a matsayin cibiyoyin 'yantar da Afirka. A zamanin ne Kwame Nkrumah ya auri Fathia, 'yar Masar, a ƙarshen shekarar 1957, a zamanin ne kuma Rediyon Alƙahira ya riƙa watsa shirye-shirye da Hausa zuwa Afirka ta Yamma. Shugabannin nan biyu kowannensu ya tara marubuta da mawaƙa da masu zane da ke isar da saƙonsa ga jama'a. A gefen Nasir, babu wanda sunansa ya kai na Salah Jahin, mai zanen barkwanci a jarida, marubucin waƙoƙin da manyan mawaƙan Masar suka rera.

Ɗalibin adabin Hausa ya san cewa makaɗin fada makamai biyu yake riƙe da su: yabo ga ubangidansa, zambo ga abokin hamayyar ubangidan. Jahin ma su ya riƙe, sai dai ya raba musu gida. Zambo ya ba alƙalamin zane, yabo ya ba waƙa, dukansu kuma ya yi su da harshen da talakan Alƙahira ke magana da shi a kasuwa. Tarihin rayuwarsa yana nuna abin da ya sami kowane ɗaya daga cikin makaman nan biyu sa'ad da ubangidan ya sha kaye.

Asalinsa da Tasowarsa

Sunansa na yanka Muhammad Salahuddin Bahjat Ahmad Hilmi. An haife shi ranar 25 ga Disamba, 1930, a unguwar Shubra da ke arewacin Alƙahira. Mahaifinsa, Bahjat Hilmi, ma'aikacin shari'a ne da ya kai matsayin babban alƙali, aikinsa kuma ya sa iyalin suka yi ta ƙaura daga wannan lardi zuwa wancan. Ta haka yaron ya ji bakin mutanen karkara da na birane tun yana ƙarami, ya ga bukukuwansu da kasuwanninsu, abin da ya zame masa jari daga baya.

Kakansa, Ahmad Hilmi, ɗan jarida ne mai kishin ƙasa da ya yi aiki a jaridar al-Liwa ta Mustafa Kamil. Yana cikin waɗanda suka bayyana wa duniya abin da ya faru a ƙauyen Dinshawai a 1906, inda Turawan Ingila suka rataye manoma a gaban danginsu, ya kuma sha ɗauri saboda rubuce-rubucensa. Har yau akwai titi da babbar tashar mota a Alƙahira masu ɗauke da sunansa. Gidan da Jahin ya tashi ke nan: uba mai hidimar doka, kaka mai tsokanar hukuma. Ya fara karatun zane-zane bai kammala ba, ya koma karatun shari'a a jami'ar Alƙahira kamar yadda mahaifinsa ya so, amma zuciyarsa tana ɗakin buga jarida. Gado ya rinjayi umarni.

Yana ɗan shekara 21 sojoji suka kifar da Sarki Faruƙ ranar 23 ga Yuli, 1952. Samarin tsararsa sun tashi ne suna kallon sojan Ingila a ƙasarsu, da sarkin da ba ya iya cewa uffan, da 'yan tsirarun masu gonaki da suka mallake ƙasar noma. Saboda haka da juyin ya zo da alkawarin korar baƙo da raba gonaki da ilimi kyauta, Jahin ya karɓe shi da zuciya ɗaya. Wannan imani na gaskiya shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya.

Mai Zanen Barkwanci

A tsakiyar shekarun 1950 ya shiga mujallar Rose al-Yusuf, wadda wata 'yar wasan kwaikwayo, Fatima al-Yusuf, ta kafa a 1925, ta kuma yi suna wajen zanen siyasa. A 1956 kamfanin ya fitar da sabuwar mujalla mai suna Sabah al-Khair domin matasa, ƙarƙashin editanta na farko Ahmad Baha'uddin. A nan Jahin ya haɗu da wasu samari masu zane, irin su George Bahgory da Hijazi da Bahjat Usman, suka canza fuskar zanen barkwanci a Masar.

Kafin su, zanen jarida ya fi karkata ga manyan 'yan siyasa. Gwanaye irin su Saroukhan da Rakha sukan zana firayim minista ko jagoran jam'iyya, su ƙara masa hanci ko tumbi, su ajiye wani mutum a gefe yana wakiltar jama'a. Jahin da abokansa suka juya alƙalamin zuwa cikin gida da ofis da motar haya: miji da mata, saurayi da budurwa, magidancin da albashinsa ya ƙare tun tsakiyar wata, ma'aikacin da ke jefa takardar talaka daga wannan tebur zuwa wancan. Layukan Jahin kaɗan ne, mutanensa masu ƙiba da zagayayyun fuskoki kamar shi kansa, maganar da ke ƙarƙashin zanen kuma irin wadda mai karatu ya ji da kunnensa a hanya.

Daga cikin jerin zanensa da aka fi tunawa akwai Ƙahwatun Nashaɗ, wato gidan gahawar kuzari. Kalmar nashaɗ ita ce Hausa ta ara ta zama nishaɗi, amma a Larabci tana nufin kuzari da himma, a nan kuma gatse ne, domin mutanen da ke cikin zanen ba su da aiki sai zama da hamma da warware matsalolin duniya da baki. Wanda ya san majalisar samari a Kano, ko fada a Maraɗi, ko zaman shan atayi a lungunan Nima, ba ya bukatar a fassara masa. Daga baya Jahin ya shugabanci Sabah al-Khair na wani lokaci, amma babban dandalinsa shi ne jaridar al-Ahram, wadda ya shiga a farkon shekarun 1960 lokacin da Muhammad Hasanain Haikal, aminin Nasir, ke editanta. Ya riƙe gurbin zanen kullum a cikinta har ƙarshen rayuwarsa.

Larabcin Gargaliya

A ƙasashen Larabawa akwai tazara mai faɗi tsakanin Larabcin littafi, wanda ake huɗuba da karatu da rubutu da shi, da Larabcin gargaliya, wanda uwa ke yi wa ɗanta magana da shi. Shekaru aru-aru malamai sun ɗauka cewa waƙa ta ƙwarai sai da na farkon. Abin da aka tsara da gargaliya ana kiransa zajal, ana jin daɗinsa, ana dariya, amma ba a jera shi da waƙar fasihai. Bairam al-Tunisi (1893–1961) ya ɗaga darajar zajal ƙwarai, har Ummu Kulsum ta rera waƙoƙinsa. Bayansa sai Fu'ad Haddad (1927–1985) da Salah Jahin suka ƙara taki guda: suka ce gargaliya tana iya ɗaukar duk nauyin da Larabcin littafi ke ɗauka, na falsafa da makoki da tarihi, suka kuma kira abin da suke rubutawa waƙar gargaliya maimakon zajal. Diwanin Jahin na farko, Kilmit Salam, ya fito a 1955.

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a tarihin Hausa. Malaman jihadi na Sakkwato sun rubuta manyan littattafansu da Larabci, amma da suka so saƙo ya kai ga makiyayi da manomi da matan kulle sai suka tsara waƙa da Fulatanci da Hausa. A ƙasar Gana ma, Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya zauna Salaga ya rasu a 1934, ya yi waƙa da Larabci ya kuma yi da Hausa, a kan zuwan Turawa da talauci da wadata. A yau gardamar ta sake kama, tsakanin Daidaitacciyar Hausa da ake koyarwa a aji da Hausar zango da aka tashi da ita a Accra da Kumasi, wadda wasu ke yi wa kallon gurɓatacciya. Abin da Jahin ya tabbatar a harshensa shi ne, karin harshe ba ya samun daraja ta hanyar roƙo. Yana samunta ne ranar da wani ya rubuta da shi abin da masu raina shi ba su da ikon ƙin haddacewa.

Mawaƙin Juyin Juya Hali

Ranar 26 ga Yuli, 1956, Nasir ya mayar da mashigin ruwa na Suez mallakar Masar. A ƙarshen Oktoba Isra'ila ta kawo hari, Ingila da Faransa suka biyo baya. A cikin kwanakin yaƙin Jahin ya rubuta waƙar Wallah Zaman Ya Silahi, Kamal al-Tawil ya sa mata kiɗa, Ummu Kulsum ta rera. Waƙar ta zama taken ƙasa daga 1960 har zuwa 1979, Iraƙi ma ta yi amfani da kiɗanta a matsayin takenta na wasu shekaru. Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne, ƙasar da ke da'awar jagorancin Larabawa baki ɗaya ta ɗauki taken da aka rubuta da gargaliyar Alƙahira.

Daga nan aka sami haɗin gwiwar mutum uku: Jahin ya rubuta, Kamal al-Tawil ya sa kiɗa, Abdul Halim Hafiz ya rera. Kusan kowace shekara, a bikin tunawa da 23 ga Yuli, Abdul Halim yakan tsaya gaban Nasir da manyan hafsoshinsa ya rera sabuwar waƙa, rediyo ya kai ta kowane ƙauye. Daga cikinsu akwai Bil-Ahdan da al-Mas'uliyya da Sura, wadda aka rera a 1966. Jigoginsu masana'antu ne da gonaki da makarantu da haɗin kan ma'aikaci da manomi da soja. Gwanintar Jahin ita ce ya ɗauki kalmomin takardun gwamnati, masu nauyi da bushewa, irin su gurguzu da tsarin raya ƙasa da alhakin ɗan ƙasa, ya sa su cikin karin da yaro zai iya tafa hannu a kansa. Wanda ya nazarci yadda Sa'adu Zungur da Mudi Sipiƙin da Gambo Hawaja suka shigar da kalmomin siyasar zamani cikin waƙar Hausa a shekarun 1950 zai gane irin wahalar wannan aiki.

Iyakar Zambo

A watan Mayun 1960 gwamnati ta kafa dokar da ta karɓe manyan gidajen jaridu daga hannun masu su, har da Rose al-Yusuf da al-Ahram. Tun daga lokacin mai zane ya zama ma'aikacin hukumar da yake zana. An bar masa fili ya yi ba'a ga ma'aikaci malalaci, da ɗan kasuwa mai ɓoye kaya, da tsohon mai gonaki, da Turawan mulkin mallaka, da Isra'ila, wani lokaci har da minista. Shugaban ƙasa da rundunar soja da jami'an tsaro kuwa suna bayan katanga. A wannan fuska Jahin bai fita daga tsarin makaɗin fada ba, wanda ke zambo ga ɗan sarkin da ya nemi gadon sarauta ya rasa, amma bakinsa ba ya taɓa mai rawani. A daidai shekarun da yake rubuta waƙoƙin biki, amininsa Fu'ad Haddad yana tsare, daga 1959 zuwa 1964, tare da ɗaruruwan 'yan gurguzu da gwamnatin ta kama.

Rikici mafi girma da zanensa ya tayar ya faru ne a 1962, lokacin babban taron da aka kira domin tattauna kundin manufofin ƙasa. Shehu Muhammad al-Ghazali, malamin Azhar, ya miƙe a taron ya nemi a tsarkake dokokin ƙasa daga tasirin Turawa, ya kuma yi magana a kan suturar mata. Jahin ya mayar masa da martani da jerin zane a al-Ahram. Masu goyon bayan malamin suka ga an taɓa rawani, wanda a wurinsu alama ce ta ilimin addini, suka fito zanga-zanga daga masallacin Azhar suka nufi ginin jaridar. Masu kare Jahin sun ce ra'ayin mutum ɗaya ya soka, masu sukarsa sun ce ya yi amfani da dandalin gwamnati ya wulaƙanta malami a gaban jama'a. Kowane ɓangare aka bi, abin ya nuna cewa zane ɗaya yana iya fitar da mutane kan titi, ya kuma nuna cewa zambon da aka yi daga inuwar mai mulki ba a karɓarsa kamar wanda aka yi daga rana.

Ruba'iyyat da Babban Dare

Ayyuka biyu da suka fi daɗewa a bakin Misirawa ba na yabo ba ne. Na farko shi ne Ruba'iyyat, wanda aka tara a littafi a farkon shekarun 1960. Baitoci ne 'yan ƙwar huɗu, kowanne mai cin gashin kansa, galibi ɗango na ɗaya da na biyu da na huɗu suna da amsa-amo guda, irin tsarin da aka san Umar Khayyam da shi. Kowane baiti yana rufewa da kalma guda mai nuna mamaki, wadda ta zama kamar amshi. Jigoginsu mutuwa ne da haihuwa, tsoro da kaɗaici, raunin ɗan Adam da girman kansa, da tambayoyin da mutum ke yi wa kansa cikin dare. Mai karatu zai yi mamakin cewa hannun da ya rubuta su shi ne ya rubuta waƙoƙin bikin Yuli a shekaru guda. A dandali yana da tabbaci a kan komai, a cikin ƙwar huɗunsa kuwa shakka ce ke magana. Sayyid Makkawi, makahon mawaƙi mai tsara kiɗa, ya sa musu karin rerawa, daga baya Ali al-Hajjar ya rera su.

Na biyu shi ne al-Laila al-Kabira, wato babban dare, wasan 'yan tsana da aka gina kacokan a kan waƙa, shi ma da kiɗan Makkawi. Naji Shakir ne ya ƙera 'yan tsanar, Salah al-Saƙƙa ya shirya wasan a gidan wasan 'yan tsana na Alƙahira a farkon shekarun 1960. Labarin daren ƙarshe ne na maulidin wani waliyyi a unguwar talakawa: mai tallan gurjiya, mai shayi, mai wasa da zaki, dagacin da ya shigo daga ƙauye ana yi masa wayo, uwar da 'yarta ta ɓace cikin cunkoso. Babu jarumi ɗaya a wasan, taron ne jarumin. A nan idon mai zane da kunnen mawaƙi suka haɗu wuri guda, domin kowane mutum ɗango biyu ko uku kawai aka ba shi, amma sun isa a gane shi, kamar yadda layi uku ke isar mai zanen barkwanci ya fitar da fuska. Wanda ya taɓa kwana a taron maulidi a zango, da fitilu da masu talla da yara na kutsawa tsakanin ƙafafun manya, zai ga unguwarsu a ciki.

Yunin 1967

Cikin watanni 17 manyan iyayen gida uku suka gamu da ƙaddararsu. Ranar 15 ga Janairu, 1966, aka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a Kaduna. Ranar 24 ga Fabrairu na shekarar sojoji da 'yan sanda suka kifar da Nkrumah yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, Nasir ya aika jirgi ya kwashe Fathia da 'ya'yanta zuwa Alƙahira. A watan Yunin 1967 kuma abin ya iso kan Nasir.

Masu fasahar da ke kewaye da su kowa ya bi hanyarsa. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya yi wa Sardauna waƙa, ya ci gaba da sana'arsa a fadojin sarakuna, domin sarauta ba ta mutu da mutum ɗaya ba. A Accra, jaridar Evening News da Nkrumah ya kafa a 1948 ta koma hannun sababbin masu mulki, zanen da ke cikinta ya juya daga ɗaukaka shi zuwa tsine masa. Ɗaya daga cikin masu zanenta, Ghanatta, ya fitar da tarin zane a 1966 a kan faɗuwar Nkrumah, yana kiransa azzalumi tun daga sunan littafin. Shi ne daga baya ya kafa makarantar koyon zane a Accra a 1969, wadda ta yaye masu zane da dama.

Jahin bai iya bin ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu ba. Ranar Alhamis, 1 ga Yuni, 1967, Ummu Kulsum ta rera wata sabuwar waƙarsa mai alkawarin komawa ƙasar da aka ƙwace da ƙarfin makami. Ranar Litinin, 5 ga wata, jiragen Isra'ila suka ragargaza mafi yawan jiragen yaƙin Masar tun suna ƙasa. Rediyo ya yi ta shelar nasara alhali rundunar tana watsewa a hamadar Sinai. Cikin kwana 6 aka gama yaƙin, Sinai ta tafi, ranar 9 ga wata Nasir ya yi shelar murabus, jama'a suka cika tituna suka sa ya janye.

A nan ne kamancinsa da makaɗin fada ya ƙare. Idan Narambaɗa ya kira ubangidansa giwa ko zaki, mai sauraro ya san kambamawa ce, sana'a ce mai ƙa'idojinta, ba wanda zai auna ƙarfin dakarun sarki da ita. Waƙoƙin Jahin kuwa sun fita ne ta rediyon gwamnati, kafaɗa da kafaɗa da labarai, a ƙasar da ba a yarda wata murya ta musanta su ba. Jama'a sun ɗauke su a matsayin bayanin halin da ƙasa ke ciki, shi ma haka ya ɗauke su. Da gaskiya ta bayyana, sai ya ga kansa cikin waɗanda suka yi wa mutane alkawarin abin da babu shi. Makusantansa sun ba da labarin baƙin cikin da ya rufe shi tun daga lokacin, ciwon damuwa da bai rabu da shi ba har ya mutu, wanda rasuwar Nasir ranar 28 ga Satumba, 1970, ta ƙara wa nauyi. Muryar zambon da ke fuskantar mai mulki kai tsaye ta koma bakin wasu: Ahmad Fu'ad Najm da Shehu Imam, waɗanda suka yi wa shan kayen waƙoƙin ba'a da gargaliyar nan dai, suka kuma sha ɗauri a kai a zamanin Nasir da na Sadat.

Bayan Nasir

Bai daina aiki ba. A watan Afrilun 1970 jiragen Isra'ila suka jefa bom a makarantar firamare ta ƙauyen Bahr al-Baƙar suka kashe yara da dama, ya rubuta musu marsiyya wadda Shadiya ta rera. A 1971 ya rubuta doguwar waƙa a kan tarihin Masar. Amma irin waƙar bikin Yuli ta ƙare. Ya karkata ga sinima, inda a 1972 ya rubuta fim ɗin Khalli Balak min Zuzu, labarin wata ɗalibar jami'a da ke ɓoye cewa mahaifiyarta mai rawa ce a gidajen biki. Su'ad Husni ce ta fito a ciki, Kamal al-Tawil, wanda ya sa wa taken ƙasa kiɗa, yana cikin waɗanda suka sa wa waƙoƙinsa. Fim ɗin ya shekara ana nuna shi a sinima. Masu suka suka ce mawaƙin juyin juya hali ya koma mai sa dariya, wasu kuma suka ga cewa tambayar da ke cikin labarin, ko ilimin zamani yana iya goge wa mutum asalinsa a idon jama'a, tambaya ce a kan alkawuran juyin da ba su cika ba. Ya yi aiki da Yusuf Shahin a fim ɗin Audat al-Ibn al-Dall na 1976, ya rubuta wa talabijin kacici-kacicin watan azumi, zanensa kuma bai fasa fitowa a al-Ahram ba.

A 1979, bayan yarjejeniyar zaman lafiya da Isra'ila, gwamnatin Sadat ta sauke takensa mai kiran makami ta maye gurbinsa da Biladi Biladi, tsohuwar waƙa mai kiɗan Sayyid Darwish. Fu'ad Haddad ya rasu a watan Nuwamban 1985. Ba a cika wata shida ba Jahin ya bi shi, ranar 21 ga Afrilu, 1986, yana da shekara 55. Zumuncin mawaƙan biyu ya zama na jini, domin 'yar Jahin ta auri ɗan Haddad, ɗansa Baha Jahin kuma ya gaje shi a waƙar gargaliya.

Kammalawa

Idan aka jera ayyukan Jahin a yau za a ga ba su tsufa daidai ba. Waƙoƙin yabo sun zama kayan tarihi, ana sauraronsu domin muryar Abdul Halim da kewar wani zamani. Zanen da ya yi a kan ofis da gidan gahawa da tsadar rayuwa har yanzu ana sake buga shi, saboda mutanen da ke ciki ba su tafi ko'ina ba. Ruba'iyyat da al-Laila al-Kabira kuwa sun shiga bakin yara da manya, har wanda bai san sunan marubucin ba yana iya kawo ɗango daga ciki.

Akwai abubuwa biyu a nan da suka shafi mai nazarin Hausa. Na farko ya shafi harshe: karin da ake raina wa yana iya zama harshen adabi a cikin rayuwar mutum ɗaya, in ya sami mai yi masa aiki da gaske, wannan kuwa magana ce da ta shafi mawaƙan zango da masu zane a bangayen Nima kai tsaye. Na biyu ya shafi yabo: nazarin waƙar yabo bai cika ba in an tsaya a kan salo da kirari da kambamawa, sai an tambayi ta wace kafa waƙar ta isa ga jama'a, da wace fahimta suka karɓe ta, da kuma ko akwai wanda aka bari ya musanta ta. Waƙar da aka rera a ƙofar fada da wadda aka watsa a rediyon gwamnati ana saura kwana 4 a shiga yaƙi suna iya yin kama a kan takarda, amma alhakin da ke wuyan mawaƙan biyu ba ɗaya ba ne. Jahin ya gane haka a watan Yunin 1967, ya kuma ɗauki nauyinsa shekara 19.